Chrome Children: Faifan da 'yan ƙwaƙƙwafi su ka yi wa 'yan ƙwaƙƙwafi

Idan aka ce gambarar zamani ta Amurka, wato hip-hop, abin da ke fara zuwa a ran matashi shi ne ƙaton saurayi ba riga, sarƙar gwal har cibiya, mota na walƙiya, 'yan mata na rausaya a bayan sa. Wannan hoton ne 50 Cent ya cika duniya da shi tun daga 2003, shi ne kuma aka riƙa mannawa a shagunan aski. To amma a watan Oktoba na 2006, daidai lokacin da wannan salo ke cin kasuwar sa, wani ɗan ƙaramin kamfani a birnin Los Anjalas mai suna Stones Throw ya fito da wani faifai da ya saɓa wa duk wannan. Sunan sa Chrome Children. Waƙoƙi 19 ne na mutane daban-daban, an haɗa da faifan DVD guda a cikin kwali. Babu mai sarƙa a ciki. Akwai dai mai rufe fuska da ƙarfe, akwai mai waƙa da muryar katun, akwai ƙungiyar makaɗa wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, sannan akwai mamaci.

Amurkawa su na da kalmar da su ke jifar irin waɗannan mutane da ita, nerd. Ma'ana yaron nan da ba ya zuwa fati, ba ya iya tsara budurwa, amma ka tambaye shi shekarar da aka buga wani tsohon faifai, ko sunan mugun da ke cikin wani littafin zane, sai ya zayyano maka kamar karatun allo. Ɗan ƙwaƙƙwafi kenan. Kowace unguwa ta na da irin sa: wanda zai gaya maka wa ya rera waƙa ta uku a wani fim ɗin Indiya na 1975, da wanda ya yi kiɗan, ana yi masa dariya amma in gardama ta ƙi ƙarewa shi ake nema. A Amurka har an sami masu gambarar kwamfuta da wasan gem zalla, wani MC Frontalot ya raɗa wa salon nasu suna nerdcore a 2000. Sai dai 'yan Stones Throw ƙwaƙƙwafin su ba na kwamfuta ba ne. Na tsofaffin faya-fayan garmaho ne, da katun, da littattafan zane.

Shi kan sa kamfanin da makoki aka kafa shi. Mai shi, Chris Manak, wanda aka fi sani da Peanut Butter Wolf, ɗan garin San Jose ne a jihar Kalifoniya. Ya na da aboki mawaƙi, Charizma, su na aiki tare, shi kiɗa abokin waƙa. A Disambar 1993 aka harbe Charizma ya na ɗan shekara 20, ba su kai ga fitar da kundin su ba. A 1996 Manak ya buɗe Stones Throw, kuma abin da ya fara bugawa waƙar su ce shi da marigayin. Cikakken kundin nasu bai fito ba sai 2003, shekara goma bayan rasuwar. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin irin mutanen da kamfanin ke kwasowa ba: waɗanda manyan kamfanoni su ka ƙi, da waɗanda aka manta, da waɗanda ba su iya tallar kan su ba. Chrome Children ya fito ne a shekarar da kamfanin ya cika goma, don haka kamar hoton iyali ne, kowa ya shigo ya tsaya a layi, da mai kyau da mai muni.

Abokin haɗin gwiwar su a aikin shi ne Adult Swim, wato shirye-shiryen dare na tashar Cartoon Network da aka fara a 2001, katun ne amma na manya, ana sa shi bayan yara sun yi barci. Masu kallon sa yawanci ɗalibai ne da ba su kwanta ba. Tashar ta riƙa sa gutsattsarin kiɗan irin su J Dilla a tsakanin shiri da shiri, ta haka yara da dama su ka fara jin sa ba tare da sun san sunan mai shi ba. Kenan tun daga tushe faifan na 'yan kallo ne, kuma an yi wa wasu waƙoƙin sa bidiyon katun maimakon a ɗauki mawaƙi ya na yarfa hannu a gaban mota.

Zuciyar faifan dai J Dilla ne, duk da cewa ba ya duniya lokacin da ya fito. James Yancey sunan sa, ɗan birnin Ditroit. Ya rasu ran 10 ga Fabrairu, 2006, ya na da shekara 32, bayan doguwar jinya ta ciwon jini da wata cuta da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Kwana uku kafin nan, ranar zagayowar haihuwar sa, Stones Throw ta fitar da kundin sa Donuts. Saboda haka duk inda hannun sa ya taɓa a Chrome Children, mai sauraro ya na ji da wani nauyi na daban. Shi ya yi kiɗan Clap Your Hands da Guilty Simpson ya hau, wani ɗan Ditroit mai murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Shi ya yi kiɗan Take It Back da Madlib ya hau. Sannan ga tasa ta kan sa, Nothing Like This, wadda ita ce ta fi kowace a faifan, kuma ba ma gambara ba ce. Waƙar soyayya ce, ya rera ta da murya da aka dagula da gangan kamar daga tsohuwar rediyo, kiɗan na juyawa kamar kaset ɗin da ake ja da baya, ganguna na dukan ƙirji. Asali ta fito ne a 2003 a wani ɗan ƙaramin faifan garmaho, Ruff Draft, da aka buga a Jamus, mutane ƙalilan su ka same shi. A nan ne jama'a da yawa su ka fara jin ta.

Me ya sa ake ta zuzuta kiɗan wannan bawan Allah? Abin ya na da bayani, kuma duk wanda ya taɓa zama a situdiyo zai gane. Na'urar haɗa kiɗa ta na da wani maɓalli da ke gyara bugun ganga, ko ka buga a karkace sai ta miƙe shi ya zauna daidai kan ƙa'ida. Kusan kowa na amfani da shi, shi ya sa kiɗan na'ura ke fita cas-cas kamar faretin soja. Dilla sai ya ƙi bin wannan ƙa'ida. Ya bar wani bugun ya ɗan riga, wani ya ɗan makara, sai kiɗan ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi amma ba ya faɗuwa. Makaɗan kalangu sun san wannan tun kaka da kakanni, ai hannu ba injin ba ne, amma sa na'ura ta yi hakan shi ne aikin. Har makaɗan ganga na gaske su ka koma koyon bugawa irin ta na'urar sa. Ita na'urar, MPC3000, an kai ta gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washinton an ajiye.

In Dilla ne zuciya, to Madlib ne ƙashin baya, don kusan duk inda ka juya a faifan sai ka yi karo da shi, ko da sunan sa ko da na aro. Otis Jackson Jr. ɗan garin Oxnard ne, uban sa mawaƙi. Shi ne rabin Jaylib, shi da Dilla. Shi ne rabin Madvillain. Shi ne Quasimoto. Sannan waƙar ƙarshe a faifan an rubuta cewa ta wata ƙungiyar jaz ce, Young Jazz Rebels, alhali babu wata ƙungiya, shi ne dai ya ƙirƙiro ta, kamar yadda ya ƙirƙiro Yesterdays New Quintet da makaɗa huɗu na bogi, kowa da sunan sa, shi kan sa na biyar. Ka ji aikin wanda ya daɗe a ɗaki shi kaɗai. Labarin Quasimoto ma abin dariya ne. An ce ba ya son jin muryar sa mai kauri, sai ya rage gudun tef, ya yi waƙar a hankali, sannan ya maido da gudun daidai, muryar ta koma siririya kamar ta aljanin yara. Aka zana wa muryar jiki, wata dabba ruwan ɗorawa mai dogon hanci, riƙe da bulo. Tun kundin The Unseen na 2000 wannan dabba ke faɗin abin da Madlib ba zai faɗa da bakin sa ba.

Ƙanen sa ma na ciki, shi ya buɗe faifan. Oh No ake ce masa, sunan sa na yanka kuwa Michael Jackson, ba wasa ba. Mayen wasan gem ne, daga baya har ya shiga cikin waɗanda su ka yi kiɗan Grand Theft Auto V na 2013.

Sai mai fuskar ƙarfe. MF DOOM, wato Daniel Dumile, an haife shi a Landan a 1971, ya tashi a Niyok. Ya fara waƙa da ƙanen sa a ƙungiyar KMD. A 1993 mota ta kaɗe ƙanen ya mutu, ba a jima ba kamfanin Elektra ya sallame su ya ƙi fitar da kundin su. Mutumin ya ɓace na wasu shekaru. Da ya dawo sai ya dawo da fuska a rufe, ya ari suna da siffar Doctor Doom, mugun nan na littattafan zanen Marvel wanda fuskar sa ta lalace ya rantse sai ya rama. Masu kallon fim za su gane dabarar nan take: ya ƙi zama jarumi, ya zaɓi ya zama bos. Waƙar sa a nan, Monkey Suite, gajera ce, ba ta da amshi ko ɗaya. Baiti ne kawai ke bin baiti, amsa-amon ba a ƙarshen layi kaɗai ya ke ba, ya na tsakiya, ya na farko, wani na hawa kan wani, shi kuma ya na furta su a kasalance kamar wanda aka tasa daga barci. Gaskiya wanda Turancin sa bai nuna ba zai sha wuya, don ko 'yan ƙasar sai sun maimaita sau da yawa. Amma ko ba ka tsinci ma'ana ba kunne na jin yadda kalmomin ke faɗawa kan juna. Bayan Madvillainy na 2004 masoya sun yi ta jiran kundi na biyu na sababbin waƙoƙi daga shi da Madlib, wannan waƙar ta zo kamar ɗanɗano. Har DOOM ya rasu ran 31 ga Oktoba, 2020, a Ingila, kundin bai fito ba. Iyalin sa ba su sanar da rasuwar ba sai bayan wata biyu.

Yanzu ga inda maganar ta shafi mai kallon finafinan Hausa kai-tsaye. Yawancin kiɗan faifan nan ba a fiyano aka buga shi ba. Tsinto shi aka yi. Mutum zai shiga shagon gwanjon faya-fayan garmaho ya wuni ya na tono, ya sayo wanda ba wanda ya sani, ya saurara har ya ji wani wuri na daƙiƙa biyu ko uku da ya yi masa, ya yanko, ya daddatsa, ya sauya masa gudu, ya jera shi a sabon tsari, ya ɗora ganga. Kuma cikin wuraren da Madlib ya fi tono har da finafinan Indiya. Waƙar Champion Sound ta Jaylib, ta 2003, an gina ta ne kan kiɗan da Kalyanji da Anandji su ka yi wa fim ɗin Dharmatma na Feroz Khan, na 1975. A 2007 kuma ya fitar da kundi sukutum, Beat Konducta in India, daga kiɗan finafinan Indiya. Wato rijiyar da makaɗan finafinan Kano su ka daɗe su na ɗiba, ita ce wani Baƙin Ba'amurke ya zo ya zura guga.

To ina bambancin? An daɗe ana zargin waƙoƙin finafinan Hausa da wankiya, a ɗauko karin waƙar Indiya ɗungurungum, a buga a fiyanon Yamaha, a sa mata kalmomin Hausa. Masu kare abin su kan ce ai kowa ma aro ya ke yi, kuma da gaskiyar su, ga Madlib nan shaida. Sai dai shi in ya ɗauka, mai kayan ma sai ya yi da gaske kafin ya gane kayan sa. Ya kan ɗauki abin da ba shi ne kan gaba a waƙar ba, wata goge a bayan murya, wani tari na tabla kafin a shiga amshi, ya mai da shi ginshiƙi. Mai wankiya ya na ɗaukar waƙar da kowa ya sani don a gane ta a saya. Ɗan ƙwaƙƙwafi ya na ɗaukar wadda ba wanda ya sani, kuma kafin ya same ta ya saurari ɗari ya watsar. Wahalar sauraron nan ita ake ji a faifan. Ba wai hakan ya wanke su daga maganar haƙƙin mallaka ba ne, masu tsinto kiɗa a Amurka sun sha shiga kotu a kan ta. Amma ta fuskar fasaha tazarar a bayyane ta ke. Abin takaici, ga faya-fayan Shata da Ɗan Maraya da Barmani Choge nan jibge, cike da irin waɗannan daƙiƙoƙi biyu-biyu, su na jiran mai haƙurin zama.

Akwai mutum biyu a faifan da labarin su ya isa a yi fim. Percee P tsohon hannu ne daga unguwar Bronx, tun shekarun 1980 ake jin tsoron sa a fagen gasar baki, amma bai taɓa samun kundi na kan sa ba. Shekara da shekaru ya na tsaye a ƙofar shagon faya-fayai na Fat Beats a Niyok ya na sayar da CD ɗin sa hannu da hannu, kamar mai tallar kaset a bakin Bata. A Raw Heat an haɗa shi da Quasimoto, shi ya na zuba kamar an ɓalle famfo, ɗayan na tsoma baki da muryar shaƙiyanci. Kundin nasa, Perseverance, ya fito a 2007, Madlib ya yi kiɗan duka. Na biyun Gary Wilson, Bature ne, ba ma ɗan gambara ba. A 1977 ya naɗi wani kundi a ɗakin ƙarƙashin gidan iyayen sa a garin Endicott, ya buga 'yan kwafi, ya ɓace. Sai wajen 2002 aka lalubo shi. Mutum ne da ke hawa dandamali ya naɗe kai da tef, a watsa masa garin fulawa. Me ya kawo shi cikin faifan gambara? Ba komai illa mai kamfanin na son sa. Haka ma aka tono wata tsohuwar waƙa ta shekarun 1970 ta ƙungiyar Pure Essence aka saka a tsakiya, ba a yanka ba, ba a taɓa ba, kamar a ce wa yara ga irin abin da ake tonowa.

Faifan fa ba tsarkakakke ba ne. Tsakiyar sa ta yi sanyi. MED da Roc C sun yi abin da su ka iya, amma ka gama ji ka manta, kuma in aka jera su kusa da DOOM sai abin ya zama kamar an sa ɗan koyo fim ɗaya da Ibro a ce ya ba da dariya. Wasu waƙoƙin kuma da ka fara jin daɗin su sai su yanke, ɗabi'ar gidan ce, kamar su na tsoron kada a ce sun yi abin kasuwa. Cikin masu waƙoƙi 19, mace ɗaya tak aka ba fili da sunan ta, Georgia Anne Muldrow, alhali muryar ta na cikin abubuwan da su ka fi tsayawa a rai. Wannan ciwo ne na 'yan ƙwaƙƙwafi a ko'ina, majalisar su ta maza ce zalla. Sannan kada katun ɗin ya ruɗi kowa ya kunna a falo gaban ƙanne: akwai ashar, akwai zancen wiwi ƙuru-ƙuru, ɗaya daga waƙoƙin ma a kan ta aka yi. Ilimin faifai bai hana su wannan ba.

Haka nan duk wanda ya zo neman abin rawa ya yi ɓatan kai. Koushik, ɗan Kanada mai tushen Indiya, raɗa ya ke yi a kan kiɗa mai hazo-hazo, ka ce mafarki ake. Waƙar jaz ta ƙarshe kuwa, wani zai ce makaɗan ba su gama ɗaure kayan su ba aka fara ɗauka. Ba abin biki ba ne, na mai abin sauraro a kunne ne da dare.

DVD ɗin wasan da su ka yi ne a bikin South by Southwest a birnin Austin na jihar Tekzas, a Maris 2006, wata ɗaya da binne Dilla, an haɗa da hira da Madlib da mai kamfanin. Ta fuskar aikin fim ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗaukar wasan dandamali ce kawai. Darajar sa ita ce ganin fuskokin, da kuma ganin wanda ya ƙi nuna tasa ya na yawo da ƙarfe a fuska da tumbi a gaba, ba ruwan sa da kwalliya.

Abin mamaki, cikin duk taron, wanda ya fi yin suna a kasuwa daga baya shi ne wanda aka ajiye can wajen ƙarshe, Aloe Blacc. Waƙar sa I Need a Dollar ta 2010, a Stones Throw ɗin dai, ta zaga duniya, a 2013 kuma muryar sa ce a Wake Me Up ta Avicii. Wanda ya ji shi a Chrome Children ba zai ce ga inda za shi ba. A 2007 an fitar da kashi na biyu na faifan, Adult Swim ta sa shi kyauta a intanet, amma bai kai na farkon nauyi ba. Shi kuwa Madlib, a gobarar dajin da ta ci unguwannin Los Anjalas a Janairun 2025 gidan sa ya ƙone, da kayan aiki da kiɗan da ya tara shekara da shekaru.

Mai son gwadawa kada ya fara daga farko. Ya tsallaka waƙa ta biyar, ta Dilla, ya ji ta sau biyu, sannan ta bakwai, ta mai fuskar ƙarfe. In waɗannan ba su kama shi ba, sauran 17 ɗin ma ba za su kama shi ba, ya mai da kuɗin sa aljihu.